Mutum Uku Na Neman Hayar Gidan Marayuna, Wa Zan Ba Makulli?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai 'ya'ya huɗu, maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce. Da aka raba gado, gidan da ya gina a wajen Rijiyar Zaki ya faɗo a rabona ni da yara. Sashe biyu ne, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki, ƙofar shiga ɗaya, rijiya ɗaya. Ni na koma gidanmu a cikin gari, kuma da kuɗin hayar nan nake biyan kuɗin makarantar yara. Sashe ɗaya akwai wani bawan Allah tela da iyalinsa tun marigayi yana raye, ba mu taɓa sa-in-sa da shi ba. Ɗaya sashen kuwa ƙanin mijina ne ya kawo abokinsa, ya biya shekarar farko, daga nan sai gobe sai jibi har wata 14. Da ƙyar ya tashi, ya bar mana bashin wuta, sokawe a cike, ƙofar banɗaki a ɓalle. Na ci bashi na gyara, na sa haya naira 350,000 a shekara.

Yanzu mutum uku ke nema. Na farko saurayi ne mai mota, dillali ya kawo shi, zai biya shekara biyu nan take, amma dillalin ya ce kada in dame shi da tambayoyi don kada ya fasa. Na biyu malamin firamare ne mai mata da 'ya'ya uku, ya ce wata shida-shida zai iya biya. Ta uku ma'aikaciyar jinya ce, aurenta ya mutu, tana da yara biyu, tana da kuɗin shekara a hannu, amma wasu maƙwabta sun ce kada in sa bazawara a gida. Ina bukatar kuɗin, ina kuma tsoron maimaita abin da ya faru. Don Allah a ba ni shawara.

Wata baiwar Allah, Kano.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan da rahama, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ikon riƙe amana.

Bari in fara da wanda na san ya fi tsaya miki a rai, mai kuɗin shekara biyu. A yadda maganar take yanzu, kada ki ba shi makulli. Ƙuruciyarsa ba laifi ba ce, motarsa ma haka. Abin da ya hana shi ne sharaɗin da aka gindaya miki, wai kada ki yi tambaya. Mutumin da zai kwana shekara biyu a bayan ƙyauren marayunki, yana shan ruwa rijiya ɗaya da matar tela da 'ya'yanta, ba ya daga cikin waɗanda ake jin nauyin tambayarsu sana'a. Idan tambayar ina ka fito, me kake yi, wa ya san ka za ta sa ya fasa, to gara ya fasa tun a bakin ƙofa.

Ki tuna wanda ya tashi shi ma ai ya biya shekarar farko cif, ba a bi shi ko kwabo ba. Kuɗin farko kowa yana iya haɗa shi: a ci bashi, a sayar da babur, a ɗauki adashi, dangi su yi karo-karo. Abin da yake nuna miki kawai shi ne yau mutumin yana da kuɗi a hannu. Bai gaya miki komai game da ranar da shekara za ta zagayo ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ɗan haya kuwa a wata na goma sha uku ake saninsa.

Ko ta fuskar lissafi ma, shekara biyun nan ba riba ba ce yadda take a ido. Za a damƙa miki naira 700,000 lokaci guda, dillali ya zare nasa, ki biya bashin gyara, ki biya zango ɗaya ko biyu na makaranta, a yi sallah. Kafin wata takwas kuɗin sun narke, sashen kuma ba zai sake kawo miki ko sisi ba sai bayan wata goma sha shida. Kuma kin ɗaure kanki da farashin yau. A 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin ɗari, kin kuma ga yadda buhun siminti da kwanon shinkafa suka yi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wanda ya karɓi hayar shekara biyu a farkon wannan lokacin, kafin shekara ta biyu darajar kuɗin ta zube sosai.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Mutanen Kano ba su manta da shekarun da suka biyo bayan harin 20 ga Janairun 2012 ba, lokacin da jami'an tsaro suka riƙa rushe gidajen da aka samu 'yan bindiga a ciki. Wasu daga cikin gidajen nan na haya ne, masu su sun karɓi kuɗi daga hannun baƙin da ba su bincika ba, suka wayi gari gini ya zama fili. Yau ma dokar NDLEA ta tanadi hukunci ga wanda ya bari ana ajiye ƙwaya ko sayar da ita a gidan da ke hannunsa, haka dokar damfara ta 2006 da EFCC ke aiki da ita ta tanadi hukunci ga wanda ya bari ana damfara a gidansa. Gaskiya ne wanda bai sani ba yana da bakin kare kansa, amma ki kwatanta kanki kina zarya ofishin hukuma, kina rantsuwar ba ki sani ba, gidan kuma a garƙame. Ban ce saurayin nan ɗaya ne daga cikinsu ba. Wataƙila ɗan kasuwar waya ne a Farm Centre da ke shirin aure, yana son ya huta da zancen haya. Idan haka ne, zai faɗa da bakinsa, ya nuna miki shagonsa, ya kawo ubangidansa ko yayansa, kuma ba zai ji haushi ba.

Dillali kuma ki san matsayinsa. La'adarsa, wadda galibi kashi goma cikin ɗari ce, ranar da aka ƙulla ciniki take fita, kuma ta shekara biyu ta ninka ta shekara ɗaya. Ko ɗan haya ya zama alheri ko ya zama ƙaya, shi ya riga ya ci nasa. Ba zagin dillalai nake ba, akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma su suka san wanda ke neman ɗaki a unguwa. Aikinsa ya kawo miki mutum, tacewa taki ce. Kuma kada kuɗin haya su bi ta hannunsa, don an sha ganin ɗaki ɗaya an karɓar masa kuɗi a hannun mutum biyu, rigimar ta dawo kan mai gida.

Kafin in je kan sauran biyun, akwai maganar da nake so ta zauna miki, don ina jin ita ce ta jawo wata 14 ɗin nan. Kunya ce. Ƙanin miji ya kawo mutum, kin ji nauyin tambaya. Wata ya wuce, kin ji nauyin aike. Shekara ta wuce, kin ji nauyin kai ƙara. Hajiya, matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take ci, wato kashi ɗaya cikin takwas. Mafi yawan gidan nan na yaran ne, haka mafi yawan kuɗin hayarsa. Kina da ikon yin kara da kawaici a cikin rabonki, ba ki da shi a cikin nasu. Duk lokacin da kika ji nauyin wata tambaya ya kama ki, ki ce a ranki, kuma ki faɗa a fili in ta kama: "Dukiyar marayu ce, ba tawa ba." Babu Musulmin kirki da zai ji wannan ya ƙara matsa miki. Wanda ya ji ya ƙara matsawa, kunyar mara kunya asara ce.

To yaya ake binciken? Kin san yadda ake yi idan an zo neman auren yarinya. Ba a tsayawa kan abin da saurayi ya faɗa a zaure, ko kan yabon abokin da ya rako shi. Ana tura mutum unguwarsu a asirce, a tambayi waɗanda ba su da abin samu ko rasawa a cikin lamarin. Haka za ki yi wa mai neman haya, kuma kwana uku zuwa huɗu sun isa.

Ki karɓi adireshin inda kowannensu yake zaune yanzu, da dalilin tashinsa. Lambar wayar tsohon mai gida ita kaɗai ba ta wadatar ba, saboda dalili biyu. Mai wayo zai ba ki lambar abokinsa ya ce mai gida ne. Mai gidan gaskiya kuma, idan ɗan hayan ya ishe shi, shi ne zai fi kowa yabonsa don ya rabu da ƙaya, ki ji yana cewa ai mutumin kirki ne, ba ruwansa. Don haka a taka a je. Ki sami namiji daga ɓangarenki, yayanki ko ƙaninki, ba daga dangin marigayi ba a wannan karon, ya je unguwar da yamma. Ya zauna wajen mai shayi, ya sayi wani abu wajen mai tireda na bakin layi. Mai tireda ya fi kowa sanin mai biyan bashi a unguwa, don littafinsa ba ya ƙarya: ya san wanda ke ɗaukar taliya da sukari ya biya ranar albashi, ya san wanda ya sauya hanya don kada su haɗu. Mai kurar ruwa ma ya sani. Liman ko ladan zai gaya masa ko an taɓa zaman sulhu a kan mutumin. Mai unguwa zai gaya masa ko an taɓa kawo ƙararsa. Tambayar da za a yi wa tsohon mai gida kuwa ba "yaya halinsa" ba ce, don amsarta kullum "lafiya lau". A tambaye shi: shekara nawa ya yi, a wane wata yake biya, sau nawa ka aika kafin ya biya, kuma in ya dawo gobe za ka sake ba shi ɗaki? A kula da ɗan shirun da zai yi kafin ya amsa ta ƙarshen.

Ke kuma naki aikin yana cikin gida, inda maza ba sa shiga. Ki je ki gaida matar malamin, ki je ki gaida ma'aikaciyar jinyar, a inda suke zaune yanzu. Babu abin kunya a ciki, ziyara ce. Ki nemi izinin kewayawa. Yadda kika ga banɗakin da kwatar da bangon kicin, haka naki zai koma bayan shekara. Ki tsaya ku gaisa da matan da suke tsakar gida ɗaya, a cikin hira za ki ji ko ana faɗa kan shara da igiyar shanya da yara. A gidan da ake haɗa rijiya da ƙofa, halin uwargida ya fi na maigida tasiri, don shi fita yake da safe, ita ke wuni.

Sannan ki zauna da kowannensu, da ɗan'uwanki a gefe, ki yi tambayoyin da ba a so a yi. Mutum nawa za su kwana a sashen? A faɗi adadi, don an saba a zo da mutum huɗu, bayan wata uku ƙanne sun zo karatu daga ƙauye an zama tara, sokawe kuma da yawan kai yake cika. Akwai sana'ar da za a yi a gida? Injin markaɗe yana girgiza gini ya fasa daɓe, firiza uku na ƙanƙara suna cinye wuta, awaki suna cin filasta, jarkokin fetur kuwa kin san ƙarshensu. Sana'ar gida ba abin ƙi ba ce, mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri, amma a sani tun farko a yi sharaɗi. Akwai janareta, a ina za a ajiye shi? Wanda ya amsa waɗannan da sakin fuska ya riga ya ci rabin jarrabawa.

Malamin firamare ya burge ni da abu ɗaya: ya gaya miki iya ƙarfinsa tun kafin ya shiga. Mai niyyar cin haya ba ya cewa wata shida zan iya, cewa yake ba matsala. Biyan wata shida-shida ma yana da amfani gare ki, don kuɗi za su riƙa shigowa kusa da lokutan biyan kuɗin makaranta, kuma idan matsala za ta ɓullo za ki gan ta a wata na bakwai, ba na goma sha uku ba. Sai dai gaskiya ba ta biyan haya ita kaɗai, dole a yi lissafi. Naira 350,000 a shekara ta kama kusan 29,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, Kano ta ce 71,000. Idan albashinsa bai yi nisa da wannan ba, hayarki za ta ci kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da yake samu, ga mata ga 'ya'ya uku ga kuɗin adaidaita sahu. A ganina, haya in ta wuce kashi ɗaya cikin uku na samun mutum, ko waliyyi ne sai ya gaza wata rana. Ki tambaye shi kai tsaye matakin albashinsa, ki ga saƙon banki na wata uku, ki ji ko akwai bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata da ake zara kafin kuɗin su iso shi. Ki ji kuma ko yana da wata hanya: darasin yamma, gona a ƙauye, ɗinkin uwargida. Idan lissafin bai fita ba, hana shi taimakonsa ne, don kin raba shi da ranar da zai riƙa ɓuya in ya hango ɗan aikenki.

Maganar ma'aikaciyar jinya kuwa, maƙwabtan nan ba su kyauta ba, kuma ina mamakin a gaya wa mace irinki wannan magana ba a ji kunya ba. Ke ma yau ba ki da miji. Da ke ce kike yawon neman ɗaki da yara huɗu, wannan ƙofar za a rufe miki. Mutuwar aure a garin nan ba baƙon abu ba ne, kusan babu gidan da ba ta taɓa ba, kuma ba ta nuna komai game da biyan haya ko kamun kai. Ki yi mata irin binciken da za ki yi wa maza, kada ki rage, kada ki ƙara. Nata ma ya fi sauƙi: tana da wurin aiki da za a je a gan ta sanye da kayan aiki, tana da shugaba, tana da iyaye ko yayye da za su zo su tsaya mata. Abin da za ki tattauna da ita na zahiri ne. Aikin jinya yana da kwanan asibiti, wa zai kwana da yaran a daren da take aiki? Za ta riƙa dawowa da sassafe ko fita da dare, don haka sai an yi mata makullin ƙofar waje, kuma a gaya wa tela da mai unguwa tun farko, don kada fitar dare ta zama abin tsegumi. Idan akwai wata rigima da ba ta mutu ba tsakaninta da tsohon mijin kan riƙon yara, gara ki ji daga bakinta ko bakin waliyyinta. Haka zan ce da a ce wanda ya zo ba Bahaushe ba ne ko ba Musulmi ba. 'Yan'uwanmu da ke Legas da Fatakwal sun san zafin a kalli hularka a ce ɗakin an riga an bayar.

Kada ki manta da tela. A duk cikin labarin nan shi ne babban jarinki: shekaru yana biya, ba hayaniya. Mugun maƙwabci ɗaya zai iya tashinsa, ki rasa tabbas saboda gaibu. Ba shi zai zaɓa miki ba, amma ki kira shi ki ce ga waɗanda ke nema, ko ya san wani abu? Tela kunnen unguwa ne. Kuma saurayi marar iyali, da abokai masu shige da fice, a tsakar gidan da matar aure take wanki da girki, ko da na kirki ne, sai kin ji ta bakin mijinta.

Duk wanda ya tsallake wannan, sai takardu. Kwafin katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, ki haɗa hoton da fuskar da ke gabanki. Hoton fasfo biyu. Kuɗi kuma ya turo daga asusunsa zuwa naki, ki duba sunan da ya fito a saƙon banki ko ya yi daidai da na katin. In ya ce wani ne zai turo masa, ki san wane ne wanin. Ki ba da rasit, ki riƙe kwafi. Sai mai tsaya masa: mutum mai gida ko shago ko ofis da aka sani, wanda zai zo da ƙafarsa ya sa hannu cewa in an gaza shi zai biya. Kada ya zama dillalin, kada kuma ya zama surukinki ko wani wanda ba za ki iya kallon idonsa ki ce biya ba. A kai sabon ɗan haya a gabatar da shi wajen mai unguwa kafin ya sauke kaya.

Yarjejeniya a rubuce take, ko da wanda zai shiga ɗan ɗakinku ne. In wani ya ce rubutu rashin yarda ne, ki tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Ki biya lauya ɗan abin da ya sawwaƙa ya rubuta miki guda ɗaya mai kyau, za ki yi shekaru kina amfani da ita. Dalilin da ya sa na ce lauya shi ne wannan. A ƙa'idar da kotunanmu ke bi, idan babu wata yarjejeniya, mai hayar shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, bayan ya ƙare a ƙara masa na kwana bakwai cewa za a je kotu, sannan alƙali ya saurara. Kuskure kaɗan a lissafin ranakun sai a ce a koma farko, mutum yana zaune a gidanki kyauta. Amma idan an rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, sabuntawa sai da sabon sa hannu, ko aka rubuta gajeren notis da kowa ya amince, hanyar ta ragu sosai. Abin da doka ba ta yarda da shi ba, komai haushin da kika ji, shi ne cire kwano ko ƙofa, yanke wuta, ko sa matasa su watsar da kaya waje. Mai gaskiya yakan koma mai laifi ta nan.

A cikin takardar a sa adadin mutane, a sa cewa ba a ba wani haya a cikin haya, ba a fasa bango ko sauya gini sai da izini. A faɗi wa ke yashe sokawe da rijiya, kuma yaya za a raba kuɗin da tela. A karɓi wani abu daban a ajiye saboda ɓarna, a rubuta cewa za a mayar in an fita lafiya, ke kuma ki mayar ɗin da gaske. Ranar ba da makulli ki sa a zagaya da waya a ɗauki bidiyon kowane ɗaki, silin da tayil da famfo da ƙofofi, ɗan hayan yana tsaye a ciki, a tura masa ta WhatsApp. Wuta kuwa, in da hali ki nemi mita mai kati daga KEDCO, kowane sashe da tasa. Da kuɗi a farko, amma daga ranar babu sauran bashin wuta da wani zai gudu ya bari, babu kuma faɗan wa ya kunna hita. Kafin ta samu, duk wata a turo miki hoton rasit ɗin biya.

Idan kika ce lallai in zaɓa, a kan abin da kika rubuto kawai, ma'aikaciyar jinya ce a gaba: samunta sananne ne, kuɗin shekara na hannu, mutum uku ne kacal a kan sokawe da rijiya, kuma mace da yara sun fi dacewa da tsakar gidan da iyalin tela suke. Malamin yana biye, in lissafinsa ya fita. Saurayin sai ya amsa tambaya, ya kawo mai tsaya masa, kuma shekara ɗaya za ki karɓa ba biyu ba. Amma abin da ɗan'uwanki zai jiyo wajen mai tireda da tsohon mai gida yana iya juya wannan jerin gaba ɗaya, kuma shi za ki bi, ba ni ba. Ki yi istihara bayan binciken. In duka ukun suka faɗi, ki bar sashen a rufe. Wata guda babu kowa asarar naira 29,000 ce. Wanda ya tashi ya tafi da hayar wata 14, ban da gyara.

Waɗannan kuɗin ma ban ga dalilin barinsu ba. Alƙur'ani ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, jinkiri kuwa daban, yafe haƙƙin maraya daban. Ki haɗa lissafin wata 14 da bashin wuta da rasit ɗin gyara a takarda ɗaya. Ki sa babba a gidanku ya kira ƙanin mijinki, cikin mutunci, a nuna masa, a ce ga abin da 'ya'yan yayanka suke bin abokinka, muna so ka zo da shi gaban mai unguwa a rubuta yadda zai riƙa biya, ko dubu ashirin-ashirin ne a wata. In ya ƙi zuwa, ofishin Hisbah na ƙaramar hukumarku yana zaman sulhu kan irin wannan, in nan ma ta ƙi, kotu tana nan. Ki tafi da duk saƙonnin wayar da ya riƙa turo miki yana cewa gobe ko jibi, kada ki goge ko ɗaya, don kowannensu shaida ne cewa ya amsa ana bin sa.